Na Koyi Ƙwallo Don Lawai Kwangila

Ranar da na fara ganin teku, a hanyar Lome ne, ina zaune bisa buhun garin kwaki a can ƙuryar wata doguwar bas, kalanguna a kan cinya, ƙafata ta dama ta mutu tun daga Kwatano. Na leƙa taga na ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama, na taɓa na kusa da ni na ce, "Wannan dam ɗin wace gwamnati ta gina shi?" Mota ta ɗauki dariya har direba. Ban ji haushi ba. Wanda bai taɓa wuce Funtuwa ba sai da gemunshi ya yi fari, dole ya ciyar da mutane dariya.

Sunana Sanda, makaɗin 'yan dambe, haifaffen Runka ta ƙasar Safana. Aji uku na yi a firamare, malam ya gaji da yadda nake kaɗa mashi benci ya ce in je in kaɗa wa ubana, na kuwa tafi. In kun ga rubutun nan ya karkace, ku nemi malamin. Tun da ɓarayin daji suka hana mu gona suka hana mu wasa, na kwaso iyali muka dawo Batsari muka raɓe a gidan ƙanena. Dambe ya kwanta, don ba mai tara jama'a a fili bayan girbi ya kira wa kanshi baƙin da ba su sallama. Abin da na fito da shi daga Runka mata ɗaya ce da kalangu ɗaya, kuma kalangun ya girmi matar. Na ubana ne, shi ma na ubanshi.

Wanda ya sa ni a motar nan Lawai ne, mutumin Safana, ana ce mashi Lawai Kwangila. Sana'arshi tara mutane. In ɗan siyasa na son a ga taro a bayanshi, Lawai zai cika mashi motoci da masu ihu, a sallame su da shinkafa a leda. A wannan karon wani Honarabul ne ya so a ga fuskarshi a gasar ƙwallon Afirka da za a yi a Abijan. Aka buga korayen riguna da hotonshi a ƙirji, aka ce Lawai ya kawo masu sa su, da makaɗi guda don taro ya yi armashi.

"Baba Sanda, ai kai ne gishirin tafiyar," in ji Lawai.

Ni kuwa abin da na sani game da ƙwallo shi ne yara sun taɓa fasa mani tulu da ita.

Iyakar Nijar a rufe take a lokacin, sai muka zagaya ta Ikko. Abincin Lawai kamar wutar kara ya yi. A Zariya shinkafa da nama, a Ikko shinkafa ba nama, a Lome burodi, da muka shiga Gana sai garin kwakin da nake zaune a kai, shi ne kujera shi ne tuwo. Duk iyakar da muka isa zai karɓi takardunmu ya shiga ofis, ya fito yana sakace haƙori yana cewa jami'ai sun cinye kuɗin abinci. Ban taɓa ganin jami'i ya ci abu maiƙon ya fito a leɓen wani ba sai a tafiyar nan. A iyakar Gana wata mata mai tallan dokunu, wani tuwon masara da ake ƙullewa a ganye, ta ga ina lasar tafin hannu, ta miƙo mani ƙulli biyu da soyayyen kifi, ta nuna kalangun ta nuna kunnenta. Na kaɗa mata kaɗan, ta yi rawa da tire a ka. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Abijan gari ne da ba a bushewa. Ka yi wanka ka fito, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Honarabul na wani babban otal, Lawai na wani ƙarami, mu kuma aka jibge mu a wani shago da ba a gama ginawa ba a unguwar Ajame, kowa da kwalinshi. Ko'ina ka duba ruwan goro ne, launin rigar 'yan ƙasar: motoci, fitilun titi, har awaki na ga an ɗaura masu ƙyalle.

Da safen ranar wasanmu na farko Lawai ya zo yana raba riguna, ya ga ina hamma.

"Baba, yau za ka kamu," ya ce. "Kana tsammanin banza ƙasa ke zubar da dukiya ta karɓi gasa? Don irinku ne. Wanda bai taɓa kallo ba ya shiga fili sau ɗaya, shi ke nan, shi da ƙwallo sai kabari."

Na ce, "To, Allah ya sa ba ta da zafin fita."

Filin kuwa, in ka ɗauki kasuwar Batsari da ta Jibiya ka kife su cikin ƙwarya guda, ba su cika gefe ɗaya ba. Rana na dukan mu, namu masu kore da fari suna ta kai da kawowa da wasu masu jajayen kaya. Ina ɗan taɓa kalangu don kar barci ya ɗauke ni. Can sai wani daga cikin jajayen ya ɗirka ƙwallon cikin raga, ya kwasa da gudu zuwa kusurwa yana dukan ƙirji, 'yan'uwanshi suka bi shi suka danne.

A nan sai in yi maku bayani, don har yau wasu na cewa ruɗewa na yi. Ban ruɗe ba. Na san ba namu ba ne, ai ba makaho nake ba. Amma a fagen dambe, wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarshi ƙasa, shi ake yi wa kiɗa. Ko ɗan garinku ne ko baƙo, ko ɗan cikinka ya kayar, makaɗi zai miƙe ya ba shi takenshi. Na taɓa kaɗa wa wani Bazamfare da ya zubar wa ƙanen matata haƙora, da yamma kuma muka ci tuwo tare da mai haƙoran. Makaɗin da ya ga kisa ya yi shiru, ranar ya gama sana'a.

Na duba hagu na duba dama, mutanenmu duk sun yi tsuru-tsuru. Na ce a raina, waɗannan ba su da tarbiyya, namiji ya yi aiki a bar shi haka? Na miƙe, na matse kalangu a hammata, na saki taken kisa.

Shiru ne ya ba kiɗan hanya. Sai ga ni a wani ƙaton allo da ke saman fili, baki har kunne, fuskar Honarabul a ƙirjina tana murmushi ita ma. Jajayen can suka ɗauki shewa suna nuno ni. Ashe abin da allon ya nuna, shi talabijin ke nunawa har Batsari, har Safana, har ɗakin abokan hamayyar Honarabul. Ba a jima ba namu suka rama, na ɗaga hannu zan ba su nasu taken, amma tuni Lawai ya shaƙe mani wuyan riga.

Ya jawo ni waje gaban samarin da na haifi irinsu.

"Tsoho, ka kashe ni! Ka san mi ka yi?"

Yau ba Baba, sai tsoho. Na ce, "Kisa aka yi, na kaɗa."

"Cire rigar!"

Na cire na ba shi. Sai ya kai hannu ya fizge igiyar kalangun daga kafaɗata.

Na ce, "Lawai, rigar taku ce. Wannan na ubana ne."

"Ka zo Safana ka karɓa, in ka san hanya."

Ya miƙa shi ga Ɗan'asabe, wani ƙato mai riƙe mashi jaka, suka shige mota suka bar ni da singileti. Da mari ya yi mani da na yafe kafin la'asar. Amma raba makaɗi da kalangunshi a gaban mutane, daidai yake da tuɓe wa sarki rawani a kasuwa. Na ɗaga kai sama na ce, "Ya Allah, kar ka kashe ni, kar kuma ka kashe Lawai."

Yadda na koma cikin gari ba labari ne mai daɗi ba. Na bi bayan wata motar kaya, na yi tafiyar ƙasa, na tambayi mutane da hannu suka amsa mani da Faransanci. Washegari da hantsi, yunwa ta fara sa ni ganin mutum biyu-biyu, sai na ji wata murya daga wata rumfa tana faɗa da Hausa, "Kai, aje wanga cokali, ba na ubanka ba ne!" Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Mai rumfar Isufu ne, mutumin Maraɗi, ya shekara da yawa a can yana sayar da garba, wani abinci na garin rogo da soyayyen kifi da attarugu. Na yi sallama. Ya dube ni, ya sake duba na, sai ya aje ludayi ya riƙe ciki.

"Tsoho, ba kai ne ka kaɗa ma abokan gaba ba? Jama'a, ga shi nan da ranshi!"

Sai da ya yi dariya ta ishe shi, sannan ya cika mani kwano. Ya tambayi garinmu na ce ƙasar Katsina.

"A'a, ɗan riƙon gida ne ashe. Mu ne Katsinawan asali, aro muka ba ku garin."

Na ce, "Wanda ya gudu ya bar gida ai ba ya tambayar wa ya share tsakar gida."

Daga ranar na zama mai yanka mashi albasa da wanke kwanoni, bencin rumfa kuma ya zama gadona. Ni da na yi wa zakarun dambe kiɗa, ga ni ina kukan albasa a ƙasar da ba wanda zai tambayi dalilin hawayen.

Kusa da mu akwai wata dattijuwa mai soya ayaba, Madam Akisi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma ta raɗa mani suna Papa Tamtam. Isufu ya ce tun da ya san ta ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi ƙwallo ba, in ya kunna talabijin ma tsaki take. Amma gasa na zuwa gida ta sayi riga ruwan goro ta ɗora bisa zane, ta dasa kujera gaban talabijin ɗin rumfar tana ba 'yan wasa umarni da matsamin suya. Ba ta fi ni sanin komai ba. Ko jifa aka yi daga gefe sai ta yi guɗa.

A talabijin ɗin nan na sake ganin kalanguna. Namu na wasa, aka hasko taron Lawai, sai ga Ɗan'asabe ya matse shi tsakanin gwiwoyi kamar turmi yana jibgar shi da tafin hannu, tsarkiya ɗaya ta tsinke tana reto. Na aje wuƙar albasa don kar in yi wa kaina illa. Da yamma Isufu ya ara mani waya na kira matata Hajo.

"Malam, an ce ka shiga talabijin," ta ce. "Har daga Runka an bugo ana yi mani barka."

"Hajo, bar wannan. Ya yara? An samu fura?"

"Fura tana nan. Kalangun fa? An ce a hannun wani ƙato aka gan shi."

Na fara kame-kame, ta katse ni.

"To ka ji. Ban hana ka dawowa ba takalmi ba, ban hana ka dawowa ba wando ba. Amma kar ka shigo mani gida ba kalangun Baba."

A ranar na jawo benci kusa da Isufu na ce ya koya mani ƙwallo. Ya ce ashe na kamu. Na ce ko kusa, wanda zai fasa ƙurji ne ke neman inda bakinshi yake. Lawai a ƙwallo ya ci mutuncina, a ƙwallo zan karɓa.

Karatun ya yi wuya. Satar gida kaɗai sai da Isufu ya jera kawunan kifi a tebur yana matsar da su kafin ta shiga kaina. Na koyi fenariti, na koyi katin gargaɗi da na kora, na koyi ƙarin lokaci. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ƙato ya ji an taɓa mashi dunduniya ya faɗi yana birgima kamar jaki a toka. A Runka in ka yi haka a fage, matarka gidansu za ta kwana. Amma na koyi babban abu guda: a ƙwallo ci ɗaya ba kisa ba ne. Mutum na iya faɗuwa ya tashi ya kayar da kai. Kisa sai alƙali ya busa na ƙarshe.

Ana cikin haka aka yi wa masu gida ci huɗu ba ko ɗaya, a garinsu, gaban iyayensu. Madam Akisi ta tuɓe rigar nan ta goge kaskon suya da ita. Kafin gari ya waye duk ruwan goron unguwar ya ɓace, har awaki an kwance masu. Bayan kwana kaɗan wata ƙasa can ta ci wata, lissafi ya juya, aka ce masu gida sun tsallake da ƙyar. Sai ga Madam a bakin famfo tana dirzar riga da sabulu.

Na ce, "Isufu, waɗannan su ne masoyan da gasa ke haifarwa?"

Ya ce, "Tsoho, ƙasarsu suke so, ƙwallon aron ta suka yi. Ni da na fara tun ina buga lemun tsami da ƙafa a Maraɗi, ko an ci mu goma gobe ina nan. Wagga kuwa ciyawar ruwan farko ce. Bari baƙi su watse ka tambaye ta sunan mai tsaron gida."

"Ba ko ɗaya da zai tsaya?"

"Ɗaya-ɗaya. Wanda ya samu dalilin kanshi."

Ni dai na samu nawa. Duk wasan namu ina addu'a su ci, ba don kishin ƙasa ba, Allah na gani. In aka fitar da su, Lawai zai naɗe kwangila ya tafi da kalanguna. Masu gida kuma ina so su ci don duk ranar da suka ci Madam kyauta take zuba mani ayaba. Allah ya karɓa ta ko'ina. Namu suka kai wasan ƙarshe, masu gida ma suka rarrafo suka kai.

Ana saura kwana biyu, ina kan albasa, sai ga inuwar mutum da baƙin tabarau.

"Baba Sanda! Ashe kana nan? Wallahi mun neme ka har mun gaji."

Na ce, "Allah sarki, Lawai. Har ina da ina?"

Ya zauna ba a ba shi wuri ba. Ashe Honarabul ne ya tasa shi gaba. Taron wasu na da kakaki da ganguna, kullum su ake haskawa, nashi taron kuwa kamar zaman makoki, ga ƙato na dukan kalangu kamar mai bugun shuni. Ya ce ko a nemo tsohon nan a gyara mashi hankali, ko Lawai ya nemi wani ubangidan.

Na sunkuyar da kai na yi muryar marayu. "Ai na yi nadama, Lawai. Jahilci ne. Yanzu an koya mani."

"To in namu suka ci?"

"In kaɗa."

"In masu ruwan goro suka ci fa?"

"In sunkuyar da kai kamar an yi mani mutuwa."

"Yauwa Baba! Ashe kana da kai."

Da la'asar Ɗan'asabe ya kawo kalangun. Na karɓe shi kamar jinjiri. Fata ta saki, tsarkiya biyu sun tafi, yana warin zufar wani. Na samu wani baduku Bazabarme ya yanko mani fatar akuya, na zauna na ɗaure, na gasa shi a gefen murhun Isufu har muryarshi ta dawo.

Isufu ya ce, "To ga abinka a hannu. Akwai motar goro da za ta Ikko jibi, direban abokina ne. Ka laɓe nan har ta tashi. Mi za ka koma nema?"

Gaskiya ya faɗa. Na juya maganar a raina har na kasa cin garba. In na koma filin nan, ina iya rasa kalangun a karo na biyu, kuma wannan karon ba mai kawo mani shi. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga kaina da singileti a gaban yara.

Na ce, "Isufu, kalangu ya dawo. Ni ban dawo ba."

Ya girgiza kai. "Katsinawan aro, taurin kai kamar jakin Adar. In ka fito da rai, rumfa tana nan."

Ranar wasan ƙarshe Lawai ya mayar mani da rigar Honarabul na sa. Filin ya zama tekun ruwan goro, mu 'yan kore kamar ɗigon miya a gefen faranti. Honarabul da kanshi ya sauko ya zauna a gabanmu, Lawai na gefenshi yana yi mashi fifita. Na buɗe masu kiɗa irin wanda ban yi ba tun ana dambe a Runka, har allon nan ya hasko mu sau biyu. Kafin a tafi hutu wani dogo namu ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga. Na kaɗa mashi da gaske, kuma ba zan ɓoye ba, wani abu ya yi tsalle a ƙirjina wanda ban aike shi ba. Sai kuma tsoro ya kama ni: in namu suka ɗauki kofi, Lawai ya zama gwarzo, ni kuma na yi mashi kiɗan banza.

Bayan hutu masu gida suka rama. Fili ya girgiza. Lawai ya waiwayo da sauri, ya tarar na sunkuyar da kai har gemu na taɓa kalangu. Ya ɗaga mani babban yatsa. Bai san karatun da na yi a kan kawunan kifi ba.

Ana kusa da tashi wani dogon nasu ya miƙa ƙafa ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, ta shige. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na danne shi. Akwai sauran lokaci, wanda ya faɗi na iya tashi. Sai na fara matsawa a hankali, kujera bayan kujera, kamar mai neman makewayi, har na isa ƙarfen da ya raba mu da masu ruwan goro.

Alƙali ya busa.

Na hau kujera. Na ja rigar Honarabul da ke jikina na miƙar da ita don hoton ya fito sosai. Na matse kalangu na saki taken kisa da duk ƙarfin da garba ta ba ni, na ɗora murya a kai:

"Lawai mai cika mota da yunwa,
Lawai ɓarawon kalangun tsoho,
Ga maigidanka, ga ka, ga ƙasa,
Tashi mu gani in kai namiji ne!"

Samarin da suka sha garin kwaki tare da ni tun daga Gana, wasu suka toshe baki, wasu suka kasa, suka fara amshi. Honarabul ya juyo ya dubi Lawai, irin duban da mahauci ke yi wa tsohuwar saniya. Allon ya same ni. Na ɗaga wa Batsari hannu.

Sai na hango Ɗan'asabe na tsallake kujeru. Ban yi shawara ba, na cilla kalangun ta saman ƙarfe cikin masu ruwan goro, na kama ƙarfen ina hawa. Ya cafko ƙafata, su kuma suka kama hannuwana, aka yi ta ja kamar rabon gado. Takalmi ya tafi wurinshi, da rabin wando, haƙorina na gaba ya tafi wurin ƙarfe, sauran ni ya faɗa wurinsu.

Na miƙe, babu kalangu. Na hango shi can yana tafiya bisa kawunan mutane, hannu zuwa hannu, yana nisa. Na kutsa ina ihu da Hausa, jini a baki, ba mai ji. Na ce shi ke nan Sanda, ka sayar da gadon ubanka don waƙa baiti huɗu. Ina tsaye ƙafa ɗaya ba takalmi, sai wata ƙatuwar mata da ta shafe fuska da fenti ta ɓullo ta cikin taro, ta rataya mani igiyar a wuya, ta daka mani duka a baya ta nuna in kaɗa. Na kaɗa. Suka ɗaga ni sama. Daga can na hangi wani yaro namu zaune a ciyawa ya rufe fuska da riga. Hannuna ya ɗan yi sanyi. Na ce a raina, yaro, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba.

Kwana biyu garin bai yi aiki ba. A na ukun Madam Akisi ta karɓe talabijin ɗin rumfa ta mayar tashar wasan kwaikwayo, Isufu ya nemi a duba mashi ƙwallon Turai ta kore shi da matsami. Da zan tafi ta ƙulla mani ayaba a leda, Isufu ya ba ni wandonshi da silifa, ya damƙa ni ga direban goro, wanda biki ya hana shi tashi. Na dawo bisa huhunan goro, kalangu a cikin riga. Hajo ta tarbe ni a ƙofa, ta dubi kalangun, sannan ta dubi bakina, ta ce ai dama haƙorin ba ya aikin komai.

Honarabul ya sallami Lawai tun a Abijan. Na ɗauka zuciyata za ta huce, sai na tarar da saura. Na bincika aka ce mani yana da wata ƙungiya ta Turai da yake so kamar uwarshi, ba ya fashin kallonta a wani gidan kallo a Safana. Yanzu duk ranar da za su buga, nakan hau mashin tun da rana, da duk abin da ke hanyar nan, in je in zauna a benci na baya da kalanguna. Ban san sunan ƙungiyar da nake goyon baya ba sai na isa, kowace ce ke karawa da tashi, ita ce tawa. Na san 'yan wasanshi kaf, na san wanda gwiwarshi ke ciwo, na san mai tsaron gidanshi ba ya ganin ƙwallon ƙasa. In aka zura masu, in miƙe. Mai gidan kallon ya daina karɓar kuɗina, ya ce rabin masu shiga ni suke zuwa gani.

Makon jiya aka yi masu ci uku. Washegari sai ga dattawa biyu daga Safana da buhun gero a bayan mashin, wai Lawai ya ce a ba ni haƙuri, abin ya isa haka, ko kasuwa ya shiga yara na yi mashi amshi. Na shimfiɗa masu tabarma, Hajo ta dama fura, na ce ai ba komai, duk ɗa na kowa ne. Na sa aka shigar da geron ɗaki, na raka su har bakin titi.

Da na dawo Hajo ta ce, "To, an gama ke nan?"

Na ce, "Geron nan diyyar garin kwakin Gana ce kawai. Miƙo mani kalangun in gasa, Asabar suna da wasa."